Farfaɗiya A Kan Allon Lissafi

Duk wanda ya taɓa ganin mai farfaɗiya ya faɗi a kasuwa, ya san yadda jama'a kan ja da baya; wannan ya ce iska ce, wancan ya ce kada a taɓa yawunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ke da wannan lalura. Abin da ke faruwa cikin kawunansu kuwa, tuni masana suka soma rubuta shi da lissafi.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana aika wa dubban 'yan'uwanta saƙo ta hanyar tartsatsin lantarki. A 1952 wasu masana biyu a Ingila, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, suka auna kakkaurar jijiyar wata halittar teku, suka tsara ƙa'idojin lissafi huɗu masu bayyana yadda shigar sinadarin sodiyam da fitar potasiyam ke haifar da tartsatsin. Huxley ya shafe makonni yana murza injin ƙidaya na hannu. Lissafinsa ya ce saƙon zai yi gudun mita 18.8 a daƙiƙa, awo ya nuna 21.2. Suka sami lambar Nobel a 1963.

Daga ƙwaya ɗaya aka koma ga taro. Wasu ƙwayoyin ingiza maƙwabtansu suke yi, wasu kuma taka musu birki. Idan aka jera dubbai a kwamfuta aka rage ƙarfin birkin, sai a ga duk sun ɗauki harbawa lokaci guda, kamar makaɗan da suka bar kiɗansu suka hau bugu ɗaya. Irin wannan ne na'urar auna lantarkin kai ke nunawa idan farfaɗiya ta taso. A birnin Marsai na Faransa, masana sun riƙa gina kwaikwayon ƙwaƙwalwar majiyyaci daga hotonta, don taimaka wa likita gano inda ciwon ke farawa kafin tiyata.

Amma da sauran tafiya. Akwai tsutsar da ƙwayoyin jijiyarta 302 ne kacal, an zana haɗinsu tun 1986, har yanzu lissafi bai kwaikwayi dukkan halayenta ba. Duk da haka, abin da aka sani ya isa hujja: farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu, kuma magani kan tsayar da ita ga mafi yawan masu ita. Wanda ya faɗi, a kwantar da shi ta gefensa, a kai shi asibiti.