Sayen Kamfani da Bashin da Shi Zai Biya: Abin da Ya Sami Manyan Kantunan Amurka da Ingila da Ma'aikatansu

A shekarar 2005 kamfanonin zuba jari uku, Bain Capital da KKR da Vornado Realty Trust, suka haɗu suka sayi Toys "R" Us, kamfanin kantunan kayan wasan yara na Amurka, a kan dala biliyan 6.6. Abin da suka fitar daga aljihunsu bai wuce kimanin dala biliyan 1.3 ba. Ragowar, sama da biliyan 5, rance ne mai kuɗin ruwa, kuma kamfanin da aka saya shi aka ɗora wa biyansa, kadarorinsa su ne jingina. Ɗalibin fiƙihun mu'amala zai so ya tsaya a nan, domin ciniki ne da hajar da aka saya take biyan kuɗin kanta.

Masu irin wannan ciniki suna kafa asusu ne, su tara kuɗi daga hukumomin fansho da kamfanonin inshora da wakafan jami'o'i da attajirai, bisa alƙawarin juya su na kimanin shekara goma. Al'adarsu ita ce su karɓi kusan kashi 2 cikin 100 na dukiyar asusun duk shekara ladan kulawa, da kashi 20 cikin 100 na ribar da aka samu. A zahiri tsarin ya yi kama da ƙiradi, wato mudaraba: wani da dukiya, wani da aiki. Sai dai malaman fiƙihu sun shardanta rabon mai aiki a ƙiradi ya zama yanki sananne daga riba, ba wani adadi yankakke da zai karɓa ko an samu ko an faɗi ba, don haka kamannin bai yi nisa ba. Manufar asusun ita ce ya sayi kamfani, ya riƙe shi 'yan shekaru, ya sayar da shi da tsada. Rance yana ninka abin da mai saye zai samu a kan ɗan jarinsa idan al'amari ya yi kyau, dokar haraji kuma tana barin kamfani ya cire kuɗin ruwa daga ribarsa kafin a yanka masa haraji. Kantuna sun ja hankalinsu musamman saboda kullum ciniki yana shigowa hannu da hannu, kuma da yawansu sun mallaki filaye da gine-gine masu daraja.

Adalci ne a faɗi cewa Toys "R" Us bai kasance cikin ƙoshin lafiya ba a lokacin da aka saye shi. Tun ƙarshen shekarun 1990 Walmart ya sha gabansa wajen sayar da kayan wasa, daga baya kuma Amazon ya janye masu saye zuwa intanet. Amma kamfanin da yake biyan kusan dala miliyan 400 kuɗin ruwa kowace shekara ba shi da abin da zai gyara kantuna, ko ya rage farashi, ko ya gina kasuwar intanet da za ta yi gogayya. Abokan hamayyarsa suna zuba abin da suka samu cikin kasuwancinsu, shi kuwa yana miƙa nasa ga masu ba da rance. A watan Satumba 2017 ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. A watan Maris 2018 aka yanke shawarar rufe dukkan kantunansa na Amurka, kafin ƙarshen Yuni kuwa an kulle na ƙarshe. Charles Lazarus, wanda ya fara kasuwancin a birnin Washington a 1948, ya rasu a cikin wannan Maris ɗin.

Ma'aikata sama da 30,000 suka rasa aiki. Wasunsu sun yi shekara ashirin ko talatin suna tsaye a bayan kanta, kuma kamfanin yana da tsarin biyan kuɗin sallama gwargwadon shekarun aiki. Da aka zo rabon abin da ya rage sai aka ce musu babu. Sun ƙiyasta haƙƙinsu a kan dala miliyan 75. Kwanaki kaɗan kafin a garzaya kotu kuwa an raba wa manyan jami'an kamfanin sama da dala miliyan 8 don kada su ajiye aiki. Bayan zanga-zanga da kai koke gaban hukumomin fansho da suka zuba kuɗi a asusun masu sayen, KKR da Bain suka ware dala miliyan 20 a watan Nuwamba 2018 a matsayin tallafi, ba don wata doka ta tilasta musu ba. Vornado bai sa hannu ba. Jihar New Jersey, inda hedikwatar kamfanin take, ta kafa doka a 2020 da ta wajabta kuɗin sallama idan babban kamfani ya kori jama'a da yawa a lokaci guda.

A Ingila salon ya ɗan bambanta. A 2003 CVC da TPG da reshen jari na Merrill Lynch suka sayi Debenhams. A 2005 aka sayar da gine-ginen kantuna 23 ga British Land a kan fam miliyan 495, kamfanin ya koma ɗan haya a cikinsu da yarjejeniyar shekaru masu yawa. Mai gida ya zama mai biyan haya a gidansa. A 2006 aka mayar da kamfanin kasuwar hannun jari da bashi mai nauyi, masu sayen suka fita da riba mai tsoka. Ya daɗe yana ja da ƙyar har ya durƙushe a 2020, ayyuka kusan 12,000 suka tafi, Boohoo ya sayi sunan da shafin intanet kawai a kan fam miliyan 55. Ba kowane irin wannan saye ne yake ƙarewa haka ba: KKR ya sayi Dollar General a 2007, ya mayar da shi kasuwar hannun jari a 2009, kantunansa kuma suka ci gaba da yawaita.

Hukuncin rance mai kuɗin ruwa ba ya buƙatar dogon bayani, shi ne ribar da Shari'a ta haramta. Ma'aunin hukumar AAOIFI ta Bahrain ma, wanda ya yi sassauci ga sayen hannun jarin kamfanin da asalin sana'arsa halal ce, ya iyakance bashi mai kuɗin ruwa ga kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa. A cinikin Toys "R" Us rance ya kai kusan kashi 80 na kuɗin saye. Abin da ya fi buƙatar nazari shi ne rabuwar amfani da ɗaukar asara. Ƙa'idar fiƙihu ta tabbata cewa mai cin amfanin abu shi ke ɗaukar lamuninsa. Masu saye za su ce sun ɗauka, tunda jarin da suka zuba a Toys "R" Us ya salwanta, kuma hakan gaskiya ne. Amma asarar tasu ta tsaya a kan kashi ɗaya cikin biyar na cinikin, mafi yawanta ma ta faɗa kan masu zuba kuɗin da suka ba su amana, alhali ladan kulawa da kuɗin ba da shawara da suka riƙa karɓa daga kamfanin sun riga sun shige.

Katangar da ta kare su ita ce iyakance lamunin mai kamfani ga jarinsa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta kafa kamfani a kan wannan tsari, da hujjar cewa masu mu'amala da shi sun san haka, ba a yaudare su ba. Hujjar tana da ƙarfi game da banki, wanda ya ga lissafi kafin ya ba da rance ya kuma karɓi jingina. Tana da rauni game da matar da ta fara aiki a kanti shekaru kafin 2005, ba a nemi yardarta ba ranar da aka jinginar da wurin aikinta.

Babin taflisi a mazhabar Malikiyya yana da abin da za a yi ƙiyasi a kansa. Wanda bashi ya kewaye dukiyarsa, masu binsa suna da ikon hana shi kyauta da duk fitar da dukiya ba tare da musanya ba, tun kafin alƙali ya yi masa hajaru. Kuɗin da kamfani mai nauyin bashi yake fitarwa ga masu shi, ko ladan da aka gaggauta wa manyansa gab da shiga kotu, sun cancanci a auna su da wannan. Sai dai babin bai ba ɗan ƙwadago fifiko kai tsaye ba. Mai sayarwa da ya tarar da hajarsa tana nan a hannun wanda ya karye ya fi kowa haƙƙi da ita, haka mai sana'a da abin da ya yi wa aiki yake hannunsa. Makiyayin da aka ɗauka da lada da makamantansa kuwa sahunsu ɗaya da sauran masu bin bashi. Ma'aikacin kanti na wannan zamani ya fi kusa da makiyayin, kuma kuɗin sallamarsa alƙawari ne da aka jinkirta biyansa, ba shi da jingina a kan ko da ƙusa ɗaya ta ginin da ya yi shekaru yana aiki a ciki.