Baƙi Masu Zuwa Kallon Tsuntsayen Fadama

Ya ku dagatai da manoman Maruda da na ƙasar Kalgo da Gwandu, ga magana a kan fadamarku.

Ku sani akwai mutane masu tasowa daga nesa, ba don farauta ko su ba, sai don su shiga jirgin kwale-kwale da asuba su kalli halittun fadama da tabarau mai jawo nesa. A Dagona, cikin fadamar Haɗeja da Nguru, har mijin Sarauniyar Ingila ya je kallo a 1989. Ku ma kuna da irin wannan arziki a Gulbin Rima: ga dinya, ga kirinjijiya, ga zalɓe da balbela. Da kaka kuma waɗansu agwagin ruwa sukan ƙetaro Hamada daga Turai, su yi hunturu nan, su koma da bazara.

Amma fa tsaron tsuntsayen nan ba don baƙo kaɗai ba ne. Shamuwa, wadda ke zuwa da farkon damina, fara take ci. Balbela tana bin shanu da garma tana tsince ƙwari. Wanda ya kashe su, ya kashe ma'aikatan gonarsa waɗanda ba su neman lada.

Fadama kuwa ta riga ta sake. Tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978, da ta Goronyo a 1984, ambaliya ba ta malala kamar dā. Gauraka ma, wadda kakanninku suka saba gani, ta yi wuya ƙwarai, gama an yi ta kama ta ana sayarwa.

Saboda haka ku kiyaye abu huɗu:

1. Kada a zuba guba cikin tafki don kama kifi, kada kuma a wanke tukunyar feshi a ciki.
2. Ku hana yara kwasar ƙwai da harbin tsuntsu a sheƙa.
3. In za a share fadama don shinkafa, a bar wani gefe da ciyawarsa.
4. Baƙo ya fara gaida dagaci, sa'an nan a haɗa shi da masunci wanda ya san ruwa, a yanka ladansa tun kafin a tashi.

Tsuntsun da aka harba, miya ɗaya ce. Wanda aka bari kuwa, kowace shekara yana tsaron gona, yana jawo baƙo.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.