Ko Ka Sani? Injin Yanke Ciyawa Aski Kawai Yake Yi

Ko ka san a masaƙa aka samo dabarar injin yanke ciyawa? A shekarar 1830, wani makaniki mai suna Edwin Budding, a kusa da garin Stroud na Ingila, ya lura da wani inji mai murɗaɗɗun wuƙaƙe da ke aske gashin da ke tashi a jikin ƙyallen ulu bayan an saƙa. Sai ya ga abin da ya aske ƙyalle ai zai aske fili. Ya ɗora irin wuƙaƙen a kan ƙarfe mai gangarawa, mutum na turawa ta baya. Kafin nan da dogon lauje ake yi, ko a saki tumaki su yi kiwo. A 1832 kamfanin Ransomes na Ipswich ya fara ƙera shi. Na yanzu mai shan fetur yawanci wuƙa ɗaya gare shi, a kwance, tana juyawa kimanin sau 3,000 a minti guda.

Duk wannan gudun bai taɓa kashe ciyawa ba. Ita daga gindi take tohowa, dab da ƙasa, shi ya sa ko an yanke kwana kaɗan ta dawo. Baƙuwar ciyawar da ta kutso cikin wadda ka shuka a tsakar gida ma haka take, har injin kan yi mata gata: idan ka sauke wuƙar ƙasa sosai, taka ce ke raunana, rana ta samu ƙasa, irin baƙuwar ya tsiro.

Amfanin injin a nan shi ne tona asiri. Bayan yanka da kwana biyu ko uku, duba wadda ta ɗara sauran tsayi, mai ganye mai sheƙi. Murza karanta tsakanin yatsunka. In ka ji kusurwa uku, aya-aya ce, 'yar uwar ayar da ake kunu da ita. Wannan ita ce ja'irar. Tana da 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, a jere kan saiwa, kuma kowane ɗaya da ka bari zai sake fitowa. Fizge ganyenta ɓata lokaci ne. Jiƙa wurin, ka haƙa da zurfi, ka tsince 'ya'yan, ka shanya su a rana su bushe ƙarau.

Tuji kuwa kwanciya yake yi a baje, tsakiyarsa fari-fari, yana son inda ƙafa ta daddaɓe. Harƙiya, dangin acca, rarrafe take yi tana kafa saiwa a gaɓoɓinta. Su biyun da iri suke yaɗuwa, kuma sukan duƙa wuƙa ta wuce ta kansu. A tumɓuke su tun ba su fid da kai ba. In sun riga sun fitar, kwashe abin da aka yanke, ka wanke ƙarƙashin injin, don kada ya kai irin wani gefen.

Maganin feshi irin na share gona ba ya tantance taka da baƙuwa, duka zai ƙone. Ɗaga wuƙar injinka, kada ka yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ciyawar a lokaci guda, sauran aikin kuma na hannu ne da fartanya.