Injin Ban Ruwa Ya Ƙi Tashi: A Bincika Kafin A Sayi Sabon Kafireto

 Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, masu fadama sun fara fito da injunan ban ruwa daga zaure. A daidai wannan lokaci, daga Kademi har bakin kogin Wudil, kuka ɗaya ake ji: "Lafiya lau na ajiye shi, yau ya ƙi tashi." Maganar nan ta shafe mu, mu masu awo, domin alkama da masarar rani da za mu saya da bazara ruwan injin nan suke sha. In alkama ta sha ƙishirwa sa'ad da take fid da kai, a mudu za a gani.

Ƙananan injunan fetur ɗin nan sun yawaita a fadamunmu tun shekarun 1980, zamanin da hukumar KNARDA ta shiga haƙa wa manoma rijiyoyi, har suka kori jigo. Da yawansu samfurin Honda GX160 ne, mai ƙarfin doki 5.5, ko kwaikwayonsa na ƙasar Sin. Irinsa ne a jikin injin markaɗe da janareto. Har a ƙasashen sanyi kamar Kanada, injin da suke kwashe dusar ƙanƙara da shi daga ƙofar gida ɗan'uwan wannan ne. Nasu yana kwance duk lokacin zafi, namu duk damina, ciwon kuwa iri ɗaya ne, wato tsohon mai.

Ku sani, aikin kafireto awo ne kamar namu. Shi ke gauraya iska da fetur, a nauyi wajen kashi 15 na iska, kashi 1 na fetur. Man kuwa ta wani ɗan rami yake bi, kamar kafar allura, makanikai suna ce masa jet. In fetur ya yi watanni a kofin da ke ƙarƙashin kafireto, mai ƙarfin cikinsa ya tashi sama, ya bar danƙo kamar ƙaro, sai ya toshe ramin. Shi ke nan, ka yi ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami.

To ɗan'uwa, kafin ka ɗauki hanyar kanti, bi su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da wanda ba ya cin kuɗi.

Da farko duba baƙin mai. Wasu injunan suna da na'urar da ke hana su tashi in ya yi ƙasa. Sa'an nan kwance fulogi, ka jingina shi da ƙarfen inji, ka ja igiya. In ba wuta, laifin ba na kafireto ba ne. In da wuta amma bakinsa a bushe, mai ne bai iso ba. Tazarar bakin fulogi kuma milimita 0.7 zuwa 0.8 ce.

In ya tashi, amma da ka sauke cok ya mutu, ko kuwa yana hawa yana sauka kamar mai haki, yunwar mai ce. Ko jet ya toshe, ko fakin da ke tsakanin kafireto da inji ya yage, iska tana sata ta nan. Rufe makunnin mai, ka kwance kofi, ka fid da jet, ka wanke da fetur mai kyau, ka hura. Kada ka soka masa allura ko ƙusa. Ramin in ya buɗe ba ya komawa, injin ya zama mashayin mai har abada.

In yana fid da baƙin hayaƙi, fulogi yana yin baƙi ƙirin, mai ne ya rinjayi iska. Duba soson da ke tace iska, domin ƙurar hunturu da ƙaiƙayin masussuka suna cika shi. Wanke shi da sabulu, ya bushe sarai, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse. Amma fa kada ka yar da soson don injin ya huta, ƙura za ta cinye ringi. In fetur na ɗiga daga kafireto, allurar da ke tsai da mai a cikin kofi ce ta maƙale. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, wannan aikin bakanike ne, sabon kafireto ba ya maganinsa.

In kuwa yana aiki lafiya, bayan ɗan lokaci ya mutu, ka buɗe murfin tanki ya sake tashi, ƙofar numfashin murfin ce ta toshe. Mutane da yawa sun sayi kafireto a kan wannan, alhali tsinke ya isa.

Sai maganar man kansa. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, da aka shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan, ya lalata motoci. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, tsada ta sa wasu suna tattala ragowar fetur har ya tsufa, ko su sayi na kwalba ba bincike. Araha ba ta ado. Zuba mai a farar kwalba, ka bar shi ya natsu. In da ruwa, ƙasa zai kwanta, ka gan shi da idonka. Ka tace da ƙyalle mai tsabta kafin ka zuba a tanki, nesa da wuta da mai shan taba.

Maganin duka kuwa yana ranar ajiya. In an gama rani, rufe makunnin mai, ka bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kansa. Amma a tabbata da ruwa a cikin famfo, domin gudu a bushe yana ƙona robar da ke tare ruwa. Kana ka kwance ƙusar gindin kofi ragowar ya tsiyaye, ka juye na tanki, ka sauya baƙin mai, ka rufe shi da buhu inda ba laima. Wanda kuma nasa ke zaure har yanzu, ya fito da shi ya gwada tun mako biyu kafin shuka, lokacin da bakanike bai cika da layi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu rani mai albarka da kasuwa mai kyau.