Hutun ƙarshen mako a Legas: abin da ya kamata ku sani

Mutanenmu da yawa sun san Legas, amma sanin fatauci suka yi mata. A sauke albasa da tumatir a kasuwar Mile 12, a sayar da raguna a Alaba Rago, a sari kaya a Balogun, a kwana a Agege, gari na wayewa a kama hanyar gida. Ina da baffa da ya shekara fiye da ashirin yana wannan zirga-zirga, bai taɓa tsayawa a bakin teku ba sai ranar da na matsa masa muka je. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya tsaya shiru yana kallon ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Can ya juyo ya ce da ni, "Ɗana, ashe duk shekarun nan a ƙofar gida nake tsayawa." Tun daga ranar nake kwaɗaitar da duk wanda Allah ya hore wa hali ya ware kwana biyu, daga Juma'a zuwa Lahadi, ya je Ikko don hutu kawai, da iyalinsa in da dama. Kwana biyu na isa, muddin an tsara su da sanin halin garin.

Ku fara sanin yadda ruwa ya raba garin

Legas gari ne da ruwa ya raba gida biyu. Akwai ɓangaren tudu, inda Ikeja da Agege da Yaba da Surulere suke, kuma nan ne filin jirgin sama na Murtala Muhammed. Akwai ɓangaren tsibiri, wato tsohon garin Ikko da Ikoyi da tsibirin Victoria, sai Lekki da ta miƙe gabas tana bin gaɓar teku. Manyan gadoji uku ne suka haɗa ɓangarorin: gadar Carter, gadar Eko, da gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990. Duk wanda zai ƙetara da mota sai ya bi ɗaya daga cikinsu, shi ya sa gosulo ya zama abokin zaman mutanen garin.

Cunkoson ma yana da alkibla. A ranakun aiki, da safe jama'a na kwarara zuwa tsibiri, da yamma su juyo tudu. Tafiyar da za a yi cikin minti arba'in daga filin jirgi zuwa tsibirin Victoria idan hanya a buɗe take, tana iya cin awa biyu ko fiye idan aka faɗa a mugun lokaci. Ranar Asabar da rana bukukuwan aure kan cika tituna, safiyar Lahadi kuwa ita ce lokacin da garin ya fi sakin jiki.

Darasin da ke cikin wannan shi ne ginshiƙin dukan shirin: ku zaɓi ɓangare ɗaya, ku kama masauki a cikinsa, ku taƙaita yawonku a nan. Wanda ya zo don teku da wuraren tarihi, tsibiri ne wurinsa. Otal ɗin Ikeja na iya fin araha, amma abin da aka rage a kuɗin ɗaki zai tafi a kuɗin mota, ga awoyin da za a ɓata a kan gada.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daminar Legas ba irin tamu ba ce. Ruwa kan fara sauka sosai tun watan Afrilu, ya kai ƙololuwa a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. A watannin ruwa mai ƙarfi wasu titunan Lekki da tsibirin Victoria kan cika da ruwa, tekun ma ya ƙara fushi. Daga Nuwamba zuwa Maris ne rani, kuma shi ne lokacin da ya fi daɗin bakin teku. Sai dai a kula da Disamba, musamman rabinta na ƙarshe: 'yan ƙasa mazauna waje kan dawo hutu, otal-otal su cika, kuɗin ɗaki da na jirgi su haura. Nuwamba, ko daga tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu, sun fi sauƙi ga aljihu.

Zafin garin na laima ne. Wanda ya saba da busasshiyar iskar Kano ko Sakkwato zai ga gumi na tsatsafo masa ko a inuwa yake. A ɗauki tufafi marasa nauyi na auduga, a riƙa shan ruwa, a saka lema a jaka ko da rani ne. Sauro ma yana nan duk shekara, don haka a tanadi maganinsa, musamman in da yara.

Yadda za a je da yadda za a zaga

Tsakanin Kano da Legas kimanin kilomita 1,000 ne ta mota, tafiyar da ke cin dare ɗungum har ta taɓa rana. Wanda ya bi hanya zuwa da dawowa, hutunsa ya ƙare a kujerar bas. Ga mai kwana biyu kacal jirgin sama ne mafita, kimanin awa ɗaya da rabi daga Kano, awa ɗaya da 'yan mintuna daga Abuja. A yanki tikiti da wuri, domin yana ƙara tsada idan ranar ta matso. In da hali a hau jirgin safiyar Juma'a, saboda jiragen yamma sun fi yawan jinkiri. Wanda aljihunsa bai kai jirgi ba, ya jira ƙarshen makon da ya haɗu da ranar hutun gwamnati, ya samu kwana huɗu.

A cikin gari, abin da ya fi sauƙi ga baƙo shi ne motar haya ta manhajar waya, irin su Uber da Bolt, domin ana ganin kuɗin tun kafin a shiga. A duba lambar motar ta yi daidai da wadda ke waya. Akwai manyan motocin BRT da suka fara aiki a 2008, masu layinsu na daban a wasu hanyoyi, ana biyansu da katin Cowry. Da wannan katin ake hawa jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara jigila a 2023 tsakanin Marina da Mile 2, kuma yara na jin daɗinsa domin yana bi ta saman ruwa. Ƙananan bas masu ruwan ɗorawa da ake kira danfo sun fi araha, amma sai wanda ya san sunayen tashoshi, don kwandasta ba ya jiran mai tambaya. Kada a dogara da acaɓa: tun 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja da yankin tsibiri.

Juma'a: tsohon gari

Wanda ya sauka da safe, ya ajiye kaya ya nufi babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe. A tuna cewa Legas tana yamma da mu, rana na karkata a can bayan ta Kano da kusan minti ashirin, sai a bi lokacin sallar garin. Ba nisa da nan akwai masallacin Shitta-Bey a titin Martins, wanda aka buɗe a 1894, da gininsa irin na 'ya'yan bayin da suka dawo daga Barazil. Ga 'yan'uwa Kirista kuma, babbar majami'ar Angilikan ta Marina tana wannan yanki.

Bayan salla a wuce gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka kafa a 1957. Akwai kayan tarihin Nok da Ife da Benin, amma abin da ya fi tsayar da ɗan Arewa shi ne baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Tana nan da ramukan harsashi a jikinta. Na ga wani dattijo ya tsaya gabanta ya ɗaga hannu yana addu'a, jikansa na riƙe da gefen rigarsa yana tambaya, "Kaka, wane ne a ciki?" Abin da yaron ya ji a wannan tsayuwar ya fi darasin aji zama a rai. A tambayi lokacin buɗewa da rufewa tun kafin a taso.

Daga nan da ƙafa ma ana isa dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin samun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960. Legas ce babban birnin ƙasa har zuwa Disamban 1991 da aka koma Abuja, don haka tarihin nan namu ne gaba ɗaya. Kusa da wurin, a titin Broad, akwai Freedom Park, tsohon kurkukun Turawan mulki da aka mayar wurin shan iska a 2010.

Asabar: daji da teku

A yi sammako a tafi cibiyar kare daji ta Lekki, wadda aka kafa a 1990 a kan fili mai faɗin hekta 78. Hanyar katako ce ta ratsa cikin fadama da kurmi, birai na tsalle a sama, ga ɗawisu da kunkuru. Abin da ya fi jan mutane shi ne gadar igiya da aka rataya a saman itatuwa, tsawonta mita 401. Tana lilo idan ana tafiya, mai tsoron bisa ya tsaya a ƙasa ba laifi. A ɓoye abinci a jaka, don biran wurin sun saba da fizge. Zuwa da sassafe ya fi, kafin rana ta yi zafi kuma kafin layi ya yi tsawo. A hanyar dawowa ana iya tsayawa gidan zane-zane na Nike da ke Lekki, bene mai hawa da yawa cike da zane da sassaƙa da rini irin na Yarbawa.

Sai teku. Tsohon bakin ruwan da iyayenmu suka sani da Bar Beach babu shi yanzu, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Wuraren da ake zuwa a yau, ana biyan kuɗin shiga, kuma da yamma zuwa dare sukan koma wurin kiɗa da shaye-shaye. Mai iyali ya je da hantsi ko bayan azahar, ya bar wurin kafin magariba. Wanda ke son natsuwa ya nufi Tarkwa Bay, wadda sai da jirgin ruwa ake zuwa, tafiyar ƙasa da rabin awa. Katangar duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa ta kare ta, don haka ruwanta ya fi kwanciya, kuma daga kan yashi ana kallon manyan jiragen dakon kaya na wucewa zuwa Apapa. A hau jirgi a tasha sananniya, kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa har da jarirai, a ƙi jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, a dawo da sauran rana.

A nan zan ja kunne da babbar murya. Iyo a kogi ko a dam ɗin Tiga daban yake da iyo a tekun Atlantika. Gaɓar Legas tana da igiyar ruwa mai ja ta ƙasa, wadda ke ɗauke mutum daga inda ruwa bai wuce ƙugu ba ta yi ciki da shi. Kada baƙo ya wuce gwiwa, kada a saki hannun yaro, kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Idan ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye. Ya yi iyo ta gefe, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga inda ke ja, yana ɗaga hannu a gan shi. Iya ruwa fidda kai. Lambobin gaggawa a Legas su ne 112 da 767, a adana su a waya tun daga gida.

Abinci, kuɗi da tsaro

Kada a je Ikko a ƙare a kan shinkafar otal. A ɗanɗana amala da miyar ewedu, wadda ganyenta shi ne lalo a wurinmu, da shinkafar ofada, da dafaffen wake na ewa agoyin tare da burodin Agege, da gasasshen agade da gyaɗa. Kifi ɗanye kuwa nan ne gidansa. Mai shakkar nama ya tambaya kafin ya ci. Idan kewar gida ta motsa, Obalende ta yi suna da tsire tun da daɗewa, kuma a Agege da Idi-Araba za a samu tuwo da fura da masu gaishe ku da Hausa.

Wajen kuɗi, a lissafa abu huɗu tun a gida: jirgi, masauki, zirga-zirga, sai abinci da kuɗin shiga wurare, sannan a ware wani abu na ko-ta-kwana. Zirga-zirga ce ta fi ba baƙo mamaki. A riƙe 'yan canji a aljihu, sauran a bar su a banki. A kama ɗaki a otal sananne, kada a tura kuɗi ga wanda aka gani a intanet kawai yana tallan gida. A riƙe katin shaida, a ɗaga gilashin mota a cikin gosulo, a mayar da waya aljihu a kasuwa, a kauce wa musu da 'yan tasha. Baƙo ko da ido makaho ne, don haka in kuna da ɗan'uwa a gari ku sanar da shi masaukinku.

Lahadi: a sassauta

Za a ba ku shawarar zuwa Badagry, garin da ke da tarihin cinikin bayi da tsohon benen da aka gina a 1845. Wuri ne da ya cancanci ziyara, amma yana da nisa ta yamma, yini guda yake ci. Ku bar shi sai wani zuwan. Safiyar Lahadi ta fi dacewa da zaga gari a mota yayin da tituna suke fayau: a bi ta gadar da ta haɗa Lekki da Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, a sayi tsaraba, a haɗa kaya. A hanyar filin jirgi, idan an hau gadar Third Mainland, a nuna wa yara gidajen katako na Makoko da ke tsaye a kan ruwa da kwale-kwalen masunta, su ga cewa akwai 'yan ƙasarsu da ke zuwa makaranta da kasuwa a cikin jirgi. A bar masauki awa uku kafin tashin jirgi, domin yammacin Lahadi hanya kan sake cikewa, kuma gara a zauna jira a filin jirgi da a makale a kan gada ana kallon agogo.