Tahoua: Ƙananan zobban da ke raba mai fatsa da kifinsa

Tebaram, da ke yamma da birnin Tahoua, ƙasar gero ce da kiwo. Babu kogi a nan, ruwan da ake gani shi ne wanda damina ta tara a kwari. Duk da haka kifi ba baƙo ba ne a Adar. Tafkin Tabalak, mai nisan kusan kilomita 50 daga Tahoua a kan hanyar Agadez, da tafkin Dan Doutchi da ke kudu da Tebaram, dukkansu sun shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005. Daga irin waɗannan tafkuna ake kamo karfasa da tarwaɗa.

Masuntan da suka gaji sana'ar sun fi aiki da birgi da mamari. Matashin da ya je cin rani Abidjan ko Libiya kuwa, ya ga wata irin fatsa a bakin teku: siririyar sanda mai injin naɗe zare a ƙasanta, wadda ake wurga ƙugiya da ita nesa. In ya sayo ta ya kawo gida, abin da ke fara lalacewa yawanci zobban da zaren ke bi ta cikinsu ne, domin su ne ke shan matsa a cikin kaya a doguwar tafiyar mota. Daga nan sai ko dai a jingine sandar a bayan ƙofa, ko a sake ɗaura mata sababbi.

Abin da zoben ke yi

A irin wannan fatsa, kwarkwaron zaren ba ya juyawa lokacin jifa. Zaren ne ke warwarewa daga bakinsa yana murɗawa kamar guguwa. Aikin zobba ukun farko shi ne su tattara wannan murɗawar su miƙar da zaren. Sauran ƙananan, har zuwa tsini, su ne ke raba nauyin kifi a tsawon sandar don kada ya taru wuri ɗaya ta karye.

A da ana jera zobba manya-manya, kowane ya ɗan fi na gabansa girma. Kamfanin Fuji na Japan, wanda ya yi suna a ƙera su, ya sauya wannan tunani a tsakiyar shekarun 1990: a hanzarta matse zaren tun kusa da hannu, sannan a bi da ƙanana marasa nauyi. Dalilin a fili yake. Duk ƙarfen da aka ɗora kusa da tsinin siririyar sanda yana sa ta rawa bayan jifa, yana kuma dusashe ɗan motsin da ke sanar da hannu cewa karfasa ta taɓa abinci. Karfasa kuwa ba ta fizga, lallaɓawa take yi.

Girma da wuri

Ana kiran zobban da lamba, lambar kuma kusan faɗin zoben ce a milimita. Ga sanda mai tsawon mita 1.8 zuwa 2.1, wadda za a yi amfani da zaren roba na yau da kullum mai kaurin milimita 0.20 zuwa 0.25, na farko lamba 20 ko 25 ya isa, sai 12, sai 8, sannan sauran su zama 6. Mai amfani da zaren saƙa, wanda ya fi laushi, zai iya farawa da 16 ko 20. Tsayin ƙafar zoben farko ya fi faɗinsa muhimmanci: in ya yi gajere, zaren zai riƙa dukan jikin sanda, jifa ta rage nisa.

Masu haɗa sanduna suna da wani lissafi mai sauƙi na gano inda zaren zai sauko dab da sanda. A auna faɗin kwarkwaro a ninka shi sau 27. Idan milimita 40 ne, ke nan santimita 108 daga bakin kwarkwaron, a nan ake sa ƙaramin zobe na farko. Jimilla, zobba bakwai ko takwas ban da na tsini sun wadatar da sanda mai wannan tsawo.

Sai dai lissafi ba ya maye gurbin gwaji. A fara manne zobban da salatif, a zura zare, a ɗaure bakinsa a wani abu mai nauyi a lanƙwasa sandar. Zaren ya kamata ya bi lanƙwasar a hankali. Duk inda ya yi kwana mai kaifi, akwai buƙatar matso da zobe ko ƙara ɗaya. Sai bayan haka a naɗe ƙafafun da zaren nailan a shafe da gam ɗin epoxy, ana jujjuya sandar har ya bushe don kada ya taru gefe guda.

Kada tsada ta ruɗi mai saye

Cikin kowane zobe akwai ɗan kewayen tangaran da zaren ke gogawa. Akwai na SiC da na Torzite masu tsada, akwai Alconite mai matsakaicin kuɗi. Haka firam ɗin: titaniyam ya fi sauƙin nauyi kuma gishiri ba ya cin sa, abin da ke da amfani ga mai su a gaɓar Abidjan. A Tabalak babu ruwan teku, don haka baƙin ƙarfe marar tsatsa da Alconite sun isa. Kuɗin da ya rage gara a sayi zare mai kyau da shi.

Abokin gaba a nan ƙura ce da laka. Ruwan tafki yana ɗauke da yashi, zare ya jiƙe ya kwaso shi, ya riƙa goga zoben kamar sanfefa. Zoben ƙarfe zalla, irin na sanduna masu araha, a hankali yake yin gurbi, gurbin kuma ya yanke zare daidai lokacin da babbar tarwaɗa ta ja. Saboda gansakuka da ƙullin zare, ƙananan zobba 'yan mitsi-mitsi da ake yayi a Turai da Amurka ba su dace da nan ba. Lamba 5 ko 6 ta fi.

Kafin a fita, a zura ɗan auduga cikin kowane zobe a juya. Idan ta maƙale, tangaran ya tsage ko da ido bai gani ba, sai a sauya shi.

Bakin tafki kuma yana da masu shi. Ma'aikatan ruwa da gandun daji ne ke ba da takardar izinin su, masuntan wurin kuma suna da shugabanninsu da ƙa'idojinsu, musamman bayan an zuba 'ya'yan kifi. Wanda ya zo daga birni da sabuwar sanda, su zai fara gaisarwa ya tambayi inda aka yarda a jefa ƙugiya da girman kifin da ake mayarwa ruwa.