Saɓanin ginin furosesa wajen harhaɗa ƙari da kayan aikin biro

1. Gabatarwa

Wannan maƙala ta samo asali daga wata matsala da muka gamu da ita a cikin aiki. Mun rubuta wani ƙaramin shiri da harshen C++, wanda ke gane ajin aikatau na Hausa bisa rabon aji 7 da Parsons ya shimfiɗa a 1960. Nufinmu shi ne mu ɗora shi a kan LibreOffice, domin ɗalibai su riƙa binciken matani ba tare da sun bar shafin da suke rubutu ba. A kwamfutarmu ya yi aiki lafiya lau. Da muka aika ma wani abokin aiki a Damagaram, sai shirin ya ƙi tashi sam. Mako biyu muka yi muna tuhumar haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, alhali ba su da laifin kome. Za mu bayyana inda matsalar take, don kada wani ya sake ɓata lokacin da muka ɓata.

2. Abin da ake nufi da ginin furosesa

Furosesa ita ce sashen kwamfuta da ke aiwatar da umurni, kuma kowace zuriyar furosesa tana da jerin umurnin da take ganewa. Rubutun da mutum ya yi da C++ bai cikin wannan jeri. Sai an ba wani shiri, wanda muke kira maharhaɗi, ya juya shi zuwa umurnin inji. Wannan juyi kuwa ga zuriya guda ake yin shi.

Zuriyoyi uku ne suka shafe mu. Ta farko ita ce x86 mai bit 32, wadda ta fara da Intel 80386 a 1985. Ta biyu ita ce x86-64, wadda AMD ya fitar a 2003. Ta uku ita ce ARM mai bit 64, wadda Apple ya sa cikin kwamfutocin Mac tun daga furosesa M1 a 2020. Bambancin bai tsaya ga jerin umurni ba. A tsarin bit 32, adireshin wani wuri a ƙwaƙwalwa yana cin bait 4, kuma iyakarsa jigabait 4 ce. A tsarin bit 64 yana cin bait 8. Ke nan, in sashe ɗaya ya miƙa adireshi mai bait 8 ga sashen da ke jiran mai bait 4, tamkar an ba mai karatu layi ne aka ce ya yanka kalmomin inda ba nan iyakarsu take ba.

3. Dalilin da ya sa ƙari ya fi shiga matsala

Windows mai bit 64 tana iya tafiyar da shiri mai bit 32 in dai shirin zaman kansa yake. Ƙari kuwa bai zaman kansa. Babban shirin ne ke ɗauko shi ya shigar da shi cikin ƙwaƙwalwarsa, su zama aiki guda, kuma aiki guda ba ya ɗaukar gini biyu. Saboda haka ginin babban shirin shi ne abin lura, kome ginin kwamfutar.

Nan ne muka faɗa. Abokin aikinmu yana da Windows mai bit 64, amma LibreOffice ɗin da aka sa mashi mai bit 32 ce. Wannan ba abin mamaki ba ne, tun da sai a fitowa ta 5.0, a 2015, aka fara rarraba LibreOffice mai bit 64 ta Windows. Haka abin yake ga Microsoft Office, wadda ta samu nau'i mai bit 64 tun daga Office 2010, amma aka daɗe ana sa mai bit 32 a kwamfutoci masu bit 64. A kan Mac kuma, Rosetta 2 tana fassara shirin Intel ga furosesa ARM, sai dai shirin take ɗauka gaba ɗaya: ba ta haɗa babban shiri na ARM da ƙari na Intel.

Saɓanin yana fitowa a mataki biyu. Na farko, lokacin harhaɗawa, sa'ad da ake ɗaura ƙarin da ɗakunan kayan LibreOffice irin su sal, cppu da cppuhelper. In ginin bai dace ba, maɗaurin Microsoft yakan tsaya da kuskure mai lamba LNK1112. Na biyu, lokacin ɗorawa, in an harhaɗa ƙarin daidai ga wani gini aka kai shi ga wani dabam. A Linux saƙon yakan ambaci ELFCLASS32 ko ELFCLASS64, a Windows kuma kuskure mai lamba 193 ne. Na biyun ya fi wuyar ganewa, domin a hannun mai amfani yake aukuwa, nesa da wanda ya rubuta shirin.

4. Hanyar bincike da magani

Kowane fayil da aka harhaɗa yana ɗauke da shaidar gininsa a goshinsa. A Linux umurnin file yana karanta ta, a Mac lipo, a Windows dumpbin. Sai a duba abu uku a kwatanta: babban shirin, ɗakunan kayan da aka ɗaura da su, da ƙarin kansa. In ɗaya ya saɓa, shi ke nan an gano.

Magani na farko shi ne a harhaɗa ƙarin sau da yawa, kowane gini da nasa. Kunshin .oxt, wanda a zahiri fayil ne na zip, yana iya ɗaukar su duka, muddin an bayyana wa kowane ɗaya dandalinsa a cikin manifest.xml. Magani na biyu shi ne a guji harhaɗawa in da hali. Ƙamus na Hunspell fayil biyu ne na rubutu zalla, .dic da .aff, kuma kowace furosesa tana karɓarsu. Grammalecte, mai gyaran nahawun Faransanci da da yawanmu ke aiki da shi, da Python aka rubuta ƙarinsa na LibreOffice, shi ya sa kunshi guda ke isa.

5. Kammalawa

A sassanmu na jami'a, kwamfutoci ba rana ɗaya aka sayo su ba, kuma ba hannu ɗaya ya sa masu shiri ba. Wanda ya gina kayan aikin Hausa ga gini guda ya bar sauran abokan aiki a waje, ko da bai yi niyya ba. Mu dai mun mai da ka'idojin jam'in suna zuwa fayil na .aff, muna kuma sake rubuta sashen aikatau da Python. Gudun ya ɗan ragu, amma ga matani masu tsawon kundin ɗalibi ba a jin ragin. Shawararmu ga mai son fara irin wannan aiki ita ce, kafin ya rubuta layi ko ɗaya, ya tambayi waɗanda za su yi amfani da shi wane nau'in shirin biro ke cikin kwamfutarsu.